Gani Ya Kori Ji: Sarauniyar Lugu Daga Littafin Mamani Zuwa Fim ɗin Med Hondo

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Sarraounia, in aka ce ya rufe ido ya kawo Sarauniyar Lugu a ransa, fuska ɗaya ce za ta zo masa: doguwar mace mai ƙuruciya, baka a hannu, kallonta ba ya sauka ƙasa. Amma wannan fuska ba ta Sarauniya Mangu ba ce, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. Fuskar Aï Keïta ce, ƴar ƙasar Burkina Faso, wadda ta fito a matsayin Sarauniya a fim ɗin da Med Hondo ya fitar a 1986. Shi kuwa fim ɗin daga littafin Abdoulaye Mamani aka ciro shi, wanda aka buga a Paris a 1980. Ke nan tsakaninmu da matar Lugu akwai hannu uku: na marubuci, na mai shirya fim, da na ƴar wasa. Kowane hannu ya ƙara mata wani abu, kowane kuma ya rage. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan labari karin maganar ta tabbata ta fuska biyu. Fim ya sa duniya ta ga abin da a da ji kawai ake yi, ya kuma ture wani ɓangare na abin da ake jin har ya kusa ɓacewa.

Abin da ya auku a 1899

A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a wata yarjejeniya a Paris, suka shata iyaka tsakanin abin da kowace take kira rabonta, tun daga kogin Kwara har Tafkin Cadi. Aka zana wani zagaye mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato aka bar wa Ingila, abin da ke arewa da shi kuma na Faransa. Daga nan Faransa ta shirya runduna uku da za su haɗu a Tafkin Cadi. Ta Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya ta ratsa Sahara, ta Gentil ta hauro daga Kwango, ta uku kuwa ta fito daga yamma a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Waɗannan biyu ba baƙi ba ne wajen zubar da jini, don su ne suka ci Wagadugu a 1896. Chanoine ɗan janar ne, mahaifinsa ma ya riƙe ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898.

Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran duk ƴan Afirka ne: sojojin da aka ɗebo daga yamma, ƴan dakon da aka kamo da ƙarfi, da matan da ake kwashewa a duk garin da aka ci. Ayarin ya kumbura har ya kusa mutum 2,000, ban da dabbobi, ga shi ba a ba shi guzurin da zai ishe shi ba. Cinsa da shansa duk a wuyan talakawan hanya suke. A watan Janairu na 1899 suka afka wa Sansanin Hausa a bakin kogi, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. Wani hafsa mai suna Peteau, da Voulet ya kora, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba ta labarin abin da ya gani. Wasiƙar ta kai ga hukuma a Paris, aka umarci Laftanan Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragamar rundunar.

Kafin Klobb ya cim musu, ƙarancin rijiyoyi a arewa ya sa Voulet ya gangaro kudu, cikin rabon Ingila. Ranar 16 ga Afrilu ya isa Lugu, a ƙasar Arewa, kusa da Matankari, cikin gundumar Dogon Dutsi ta yau. Azna suka tare shi da baka da kibiya, sa'an nan suka ja da baya cikin wani kurmi mai sarƙaƙiya inda bindiga ba ta da wani amfani sosai. Rundunar ta rasa mutum 4, aka raunata 6, ta kuma ƙone harsashi kusan 7,000. An ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba. A watan Mayu aka yi kisan kiyashin Birnin Ƙonni, wanda ya fi duk abin da ya gabata muni. Klobb ya riƙa bin hanyar ƙonannun garuruwa da rijiyoyi cike da gawa, a Koran Kalgo har ya iske yara mata a rataye a bishiya. Ranar 14 ga Yuli ya riski Voulet a Ɗankori, kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, ya faɗi matacce. Bayan haka ya shaida wa hafsoshinsa cewa shi ya fita daga Faransa, daular kansa zai kafa. Bai kwana huɗu ba sojojinsa suka juya masa baya: suka harbe Chanoine ranar 16, shi kuma ranar 17. Kaburburansu na nan a Maijirgi.

Dole a faɗi gaskiya, mutuwarsu ba ta tsai da mamaya ba. A ƙarshen watan Yuli ɗin Pallier ya ci Damagaram bayan gumurzun Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a watan Satumba. Joalland da Meynier suka ƙarasa Tafkin Cadi, ranar 22 ga Afrilu 1900 kuma aka gwabza a Kusuri, inda Rabe da Lamy suka mutu rana ɗaya. A 1902 Faransa ta rufe bincike, aka ɗora laifin duka a kan haukar da zafin ƙasar Sudan ke sa wa Bature.

A cikin wannan tarin takardu, rabon Sarauniya ƴan layuka ne. Joalland, a littafinsa Le Drame de Dankori na 1930, tsohuwar mayya ya ɗauke ta. Amma mutanen ƙasa sun yi nasu lissafin: wata uku bayan an taɓa Lugu, kyaftin biyun duk sun mutu, kuma a hannun nasu. Suka ce bakin Sarauniya ne ya kama su. Tsakanin ƴan layukan Bature da wannan magana ta baka Mamani ya sami filin da ya gina littafinsa.

Mutumin da ya ce a'a

Ba a fahimtar littafin sai an san mai shi. An haifi Abdoulaye Mamani a 1932, ya tashi cikin gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago, ya zama na hannun daman Djibo Bakary a jam'iyyar Sawaba. Sawaba ce ta nemi a ce wa de Gaulle a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, Mamani ya yi gudun hijira, ya daɗe a Aljeriya. Da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974 ya dawo gida, ba a jima ba gwamnatin sojan ta ɗaure shi. Bayan ya fito ne kamfanin L'Harmattan ya buga Sarraounia, le drame de la reine magicienne. Mutumin da ya ce wa Faransa a'a ya sha wuya a kai, shi ne ya koma baya shekara tamanin yana neman wadda ta riga shi faɗa.

Littafin ƙarami ne, bai kai shafi 200 ba, babobinsa gajeru. Mamani ya ba Sarauniya abin da takardun Faransa suka hana ta, wato rayuwa. Ya ƙago mata ƙuruciya: uwarta ta rasu wajen haihuwa, Dawa, aminin mahaifinta, ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin itatuwa da asirai. Ya ba ta masoyi, jarumi Baka, wanda suka ɓata ya bar gari, ya dawo da yaƙi ya matso. Ya ba ta makaɗi, Goge, mai riƙe da kirarinta. Ya ba ta damisa a matsayin tambari. Waɗannan duka daga tunanin marubuci suka fito, kuma ba laifi ba ne, aikin mai ƙagaggen labari ke nan.

Amma babbar dabarar littafin wata ce daban. Duk da sunanta ne a bango, Sarauniya ba ta cika fitowa ba. Mamani yana ɗaukar mai karatu daga wannan fada zuwa waccan. Ga majalisar Sakkwato ana muhawara ko ya halatta a taimaki mai bautar iskoki a kan Nasara. Ga Abzinawa suna auna riba da hasara. Ga Sarkin Arewa ya zaɓi ya karɓi baƙin, ɗansa Ɗan Zaki ya ƙi, ya tafi Lugu. Ga sansanin Voulet da dare, sojoji na raɗa cewa matar nan tana rikiɗa, harsashi ba ya kama ta. Kowa maganarta yake yi, kaɗan ne suka taɓa ganinta. Kafin a harba kibiya ko ɗaya, sunanta ya riga ya cinye zuciyar rundunar. Ta haka Mamani ya bayyana abin da masana tarihi ba za su iya sa wa hannu ba: ba ƙarfin makami ne ya karya Voulet ba, tsoro ne ya shiga sojojinsa, ya yi ta ci har ranar da suka juya bindiga kansa. Littafin gaba ɗaya a kan ji aka gina shi.

Yadda fim ɗin Nijar ya koma Burkina

Med Hondo ɗan Muritaniya ne da ya zauna a Faransa, abokin Mamani tun da daɗewa. Ya yi suna da Soleil Ô da kuma West Indies na 1979, yana kuma samun abin kashewa ta hanyar ara wa ƴan wasan Amurka murya da Faransanci, musamman Eddie Murphy. Ya shafe kusan shekara bakwai yana tara kuɗin Sarraounia, abin da ya kai wajen dala miliyan 3, kuɗi mai yawan gaske ga fim ɗin Afirka a wancan zamani. A Nijar aka shirya ɗaukar sa, amma gab da fara aiki gwamnatin Kountché ta janye amincewarta. Thomas Sankara ne ya buɗe masa ƙofa, gwamnatin Burkina ta sa hannu a aikin, sojojinta suka cika sahun rundunar da muke gani a allo.

Wannan ƙaura ta bar alama a ko'ina cikin fim ɗin. Ƙasar da aka ɗauke shi ita ce wadda Voulet ya fara ci da wuta shekara 90 kafin nan, jikokin waɗanda aka tilasta wa dako su ne suka sake taka tafiyar a gaban kyamara. Wannan riba ce. Amma akwai hasara. Ƴan wasan Burkina ne, don haka mafi yawan maganar ƴan Afirka a fim ɗin da Julanci da Fulatanci take. Sunaye sun tsaya a Hausa, ga Dawa, ga Baka, ga Ɗan Zaki, ga Sarkin Arewa, amma bakin da ke kiran su ba na Hausa ba ne. Mutumin Dogon Dutsi da ya zauna kallon labarin kakarsa sai ya bi rubutun Faransanci a ƙasan allo kafin ya san abin da take cewa. Littafin ma da Faransanci yake. Sau biyu ke nan aka ba da labarin Sarauniya ga duniya, ba ko ɗaya da harshenta.

A watan Fabrairu na 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, wadda ake kira da sunan ingarman Yennenga, gimbiyar nan mahayiyar doki da Mosi ke ɗauka uwarsu. A Faransa kuwa gidajen silima kaɗan ne suka nuna shi, ba a daɗe ba aka sauke shi. Wata takwas bayan kyautar, ranar 15 ga Oktoba 1987, aka kashe Sankara.

Inda littafi da fim suka rabu

Hondo bai ci amanar littafin ba. Da shi da Mamani suka zauna kan tsarin labarin, kuma jerin abubuwan kusan ɗaya ne: renon Dawa, majalisun sarakuna, tafiyar rundunar, yaƙin Lugu, mutuwar Klobb, tawayen sojoji. Bambancin ya zo ne daga abin da kowace sana'a take iyawa.

Abu na farko, fim ya fi littafi iya nuna rundunar. Mamani zai ce maka ayarin dogo ne, Hondo kuwa ya ɗauki fim ɗin da faffaɗan allo, sai ka ga layin mutane ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, Turawa ƴan ƙalilan bisa dawaki, ɗaruruwan baƙaƙe a ƙasa ɗauke da kaya. Hoto ɗaya ya isa ya tayar da tambayar da ta fi kowace ciwo a wannan tarihi: wa ya riƙe bindigar? Hannun da ya ƙone Ƙonni baƙi ne. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba. Ya nuna bulalar da ake yi wa soja, ya kuma nuna ganima da matan da ake raba masa don ya ci gaba da biyayya. Ya nuna tafinta, wanda ke tsaye tsakanin bakin Bature da kunnen jama'a yana cin riba ta ɓangare biyu. A nan gani ya fi ji nesa ba kusa ba.

Abu na biyu, fim ya ƙara wa Lugu girma. A allo muna ganin birni mai ganuwa da mayaƙa a jere, abin da ya fi kama da manyan biranen Hausa. Lugu ta tarihi ƙauye ce, kariyarta kurmi ne da duwatsu da kwarjinin da maƙwabta ke ji. Mai fim yana bukatar abin da zai cika ido, kuma yana son ɗan kallo na Afirka ya ga cewa kakanninsa suna da tsari da ƙasaita. Niyyar mai kyau ce, amma ta rage wani abu daga abin mamakin. Birni mai ganuwa ya yi turjiya, wannan ba sabon labari ba ne. Ƙauyen manoma da maharba ya tsaya a inda manyan sarakuna suka sunkuya, wannan shi ne abin a jinjina.

Abu na uku shi ne mafi wuya. Littafin ya rayu ne da ɓoye Sarauniya, fim kuwa ba ya iya ɓoye wadda sunanta ke kansa. Mai karatu yana ƙera tasa Sarauniyar daga raɗe-raɗin sojoji, wani ya gan ta tsohuwa, wani ya gan ta damisa. Kyamara dole ta zaɓi mace ɗaya, mai tsawo kaza da murya kaza. Da zarar an gan ta, asiri ya ragu. Wannan matsala ce da ba darakta ne kaɗai zai warware ta ba. A kan ƴar wasa ta faɗo.

Abin da Aï Keïta ta yi

Aï Keïta ba ƙwararriyar ƴar wasa ba ce lokacin da Hondo ya ɗauke ta, wannan ne fim ɗinta na farko. A gabanta kuwa akwai gogaggun ƴan wasan Faransa: Jean-Roger Milo a matsayin Voulet, Féodor Atkine a matsayin Chanoine. Wanda bai sani ba zai ce za su danne ta. Abin da ya faru akasin haka ne, kuma dalilin yana cikin yadda aka raba motsi tsakaninsu.

Voulet na Milo ba ya zama wuri ɗaya. Yana ihu, yana zufa, yana zagi, yana kai da kawowa, kullum kamar wanda ake bi. Tun kafin ya harbe Klobb ka san mutumin nan ya riga ya ɓalle daga ciki. Ita kuwa Aï Keïta ta yi ƙarancin motsi har ya zama shi ne wasan. Tana tsayawa cak. Tana barin mai magana ya gama, ta ɗan jinkirta, sa'an nan ta amsa. Fuskarta ba ta gaya maka abin da ke ranta. Ko a wurin da take tsakiyar allo, akwai abin da ta riƙe ba ta ba ka ba. Ta haka ta maido wa fim ɗin wani kaso na asirin da kyamara ta ƙwace. Mamani ya ɓoye Sarauniya a bayan maganar mutane, Aï Keïta ta ɓoye ta a bayan fuskarta.

Duk wanda ya san fadar Hausa zai gane wannan. Sarki ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, akwai masu yi masa. A fim ɗin makaɗi ne ke ɗaukar zafin, mawaƙin Burkina Abdoulaye Cissé ya riƙe wannan matsayi, ita kuma ta riƙe nauyin. Inda ta buɗe baki sosai shi ne jawabinta kafin yaƙi, inda take nuna wa jama'arta cewa ba ta haifa musu magaji ba, abin da za ta bar musu suna ne. Jawabin ya yi tasiri ne saboda an daɗe ana jiran ta yi magana.

Akwai kuma hikima a yadda Hondo ya janye ta bayan yaƙin Lugu. Kusan duk kashi na biyu na fim ɗin a sansanin Voulet yake, ita ba ta nan. Wasu masu kallo sun ga wannan aibi ne, suna cewa an ba su jaruma an kuma ƙwace. A ganina nan ne fim ya fi kusa da ruhin littafin. Da yake mun riga mun ga wannan kallo nata, muna ɗauke da shi a rai sa'ad da sojoji ke firgita da dare. Da wasan nata bai kama mu ba tun farko, da rashin nata bai yi nauyi ba.

Ba a rasa inda wasan ya yi rauni. Tsakaninta da Baka babu ɗumi, tsayuwar da ta yi mata amfani a fada ta zama sanƙarewa a wurin soyayya. Sai kuma jawabin ƙarshe, inda take karɓar kowa da kowa a sabon garinta, sojojin da suka tsere da bayin da suka kuɓuta, mai salla da mai tsafi, tana cewa kowa ya riƙe addininsa da harshensa. Magana ce mai kyau, amma an faɗe ta kamar daga kan mumbarin taron siyasa. A wurin ba matar 1899 kake ji ba. Mamani ɗan Sawaba kake ji, da Hondo mai kishin haɗin kan Afirka, da Wagadugu ta zamanin Sankara, inda ake naɗa mata ministoci ana yaƙi da auren dole.

Abin da gani ya kora

Sarauniya ba sunan mutum ɗaya ba ne, sarauta ce, kuma ba ta ƙare da Mangu ba. Mutanen Lugu suna cewa ta farko daga Daura ta taso. In mai riƙe da sarautar ta rasu, ana yin tarkama: a ɗauki gawarta a kafaɗa, inda ta nufa, matar da ta tsaya a kanta ita ce magajiya. Wadda aka zaɓa takan keɓe a ɗakinta, cikin fararen tufafi, tana kaɗin auduga, ana zuwa wurinta neman ruwan sama da lafiyar ƙasa. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a, a Bagaji kuma akwai Baura, abokin aikinta a wannan tsari. Ikonta na addinin gargajiya ne, ba na jan daga ba. Malama Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai ta yi rubutu a kan wannan tazara da ke tsakanin Sarauniyar adabi da ta Lugu.

In aka sa wannan a gefe ɗaya, aka sa budurwar nan mai baka a ɗaya gefen, za a ga yadda tafiyar ta yi nisa. Sarauniyar fim ta fi kama da Yennenga ko Amina ta Zazzau. Mamani ne ya fara sauya ta, don ƙasa mai neman gwarzo ba ta san yadda za ta yi da dattijuwa mai kaɗi a ɗaki ba. Hondo ya ƙara, Aï Keïta ta buga hatimi. Kyawun wasan nata shi ne ya sa sauyin ya kafu. Yau sunan Sarauniya na kan gidan rediyo da talabijin a Yamai, yara na haddace shi a makaranta, amma hoton da ke biye da sunan na fim ne. Ita kuwa Lugu ta ci gaba da zama ƙaramin ƙauye, sunanta ya yi nisa ya bar ta a baya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai kallo ya yi hattara da shi. Littafi da fim duk sun nuna sarakunan Musulmi suna jan ƙafa, wasu ma suna fatan Nasara ya gama musu da matar da ta gagare su. Akwai gaskiya a ciki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma wanda ya tsaya a nan zai ɗauka Azna kaɗai suka yi turjiya. Birnin Ƙonni garin Musulmi ne, kuma shi ya fi kowa zubar da jini a wannan tafiya. Damagaram ta fita fagen Tirmini. Sakkwato kanta ta yi yaƙi da Ingila a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi. Labari mai jaruma ɗaya yana bukatar sauran su dushe don ta haska, tarihi kuwa ba haka yake ba. Mutanen Ƙonni da yaran Koran Kalgo ba su sami Aï Keïta tasu ba.

Wannan ba ya rage darajar aikin mutanen uku. Ba don Mamani ba, da Sarauniya na nan a matsayin tsohuwar mayyar Joalland. Ba don Hondo ba, da kisan 1899 bai taɓa hawa babban allo da idon ɗan Afirka ba. Ba don Aï Keïta ba, da fim ɗin ya zama labarin haukar Voulet kawai, kamar yadda Faransa ta so a ɗauka tun 1902. Abin da ake bukata shi ne a san wane ne ya ƙara me, don kada a ɗauki fim a matsayin shaida.

Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993, a hanyarsa ta zuwa Yamai karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Hondo ya rasu a Paris a watan Maris na 2019. Aikin da suka bari yana jiranmu, kuma ba mai wuya ba ne. Muna da matasan da ke juya finafinan Indiya zuwa Hausa cikin ƴan kwanaki, muna da marubutan da ke iya fassara ƙaramin littafi irin wannan cikin damina ɗaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ranar da aka nuna Sarraounia da Hausa a dandalin Dogon Dutsi ko Matankari, tsofaffin wurin za su kalla, su yaba inda aka yi daidai, su kuma ce ba haka aka yi ba inda aka kauce. Ya kamata a sami mai alƙalami a kusa ya rubuta abin da za su faɗa.